Kafin ka sayar da laftof ɗin, duba waɗannan tukuna

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da yaranmu masu koyon haɗa kiɗa a laftof, abin yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Satin da ya wuce ɗan yayata ya zo min rai a ɓace wai zai sayar da tasa ya cika kuɗi ya sayi wata, saboda da ya ɗora kiɗa a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, sai sautin ya riƙa ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa, wani lokacin ma ta sandare gaba ɗaya. Na ce kawo ta nan mu gani.

Ashe a kan katifa yake aiki da ita, a zafin Kano ɗin nan, ƙasanta ya yi zafi kamar dutsen guga. Da muka kai aka buɗe, ƙurar da ta toshe fankar sai ka ce auduga aka cusa. Ita kwamfuta in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, haka nan in ka zare caja tana kan batir, shi ya sa da NEPA sun ɗauke sai kiɗan ya fara sarƙewa. A jona ta da caja, a shiga saitin wuta na Windows a sa ta kan cikakken ƙarfi, a ɗora ta kan tebur iska na shiga.

Sai inda ya fi muhimmanci kuma yawanci ba a koya musu, wato bafa (buffer), adadin ɓangarorin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar da su. Yaron nan ya bar ta a 128 yana miksin (daidaita sautukan kiɗan) da filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, kusan ashirin, to ina za ta iya? Ƙaramar bafa ta lokacin ɗaukar murya ce, don mawaƙi ya ji kansa a hedifon ba tare da jinkiri ba, amma in an zo miksin a ɗaga ta zuwa 512 ko 1024, jinkirin 512 bai kai milisakan 12 ba ma, ba abin da zai rage ka da shi. Direban sauti kuma, wato manhajar da ke haɗa FL Studio da na'urar sauti, ya zama na ASIO mai rage jinkiri, in ba ka da kuɗin sayen saunkad (na'urar sauti da ake jonawa) irin su Focusrite akwai ASIO4ALL kyauta ne. Na kuma nuna masa ya daina sa ribab (filogin amsa-kuwwa) daban a kan kowane layin sauti, guda ɗaya ta isa a tura mata duka, duk layin da ya gama gyarawa kuma ya mayar da shi odiyo ya kashe filogin ɗin.

Kuɗi ɗaya da na yarda ya kashe shi ne cire tsohon had disk ya sa SSD (ma'ajiyar da ta fi shi sauri), da ƙara RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) daga giga 4 zuwa 8, wanda bai kai kusa da kuɗin sabuwa ba. Su kuma kirak ɗin, wato manhajojin sata da ake turawa a filash, ku yi hattara, bairos na biyo su, ga haƙƙin mutane.

Jiya da daddare ya turo min kiɗan da ya gama, layi talatin da wani abu, ko ƙas ɗaya ban ji ba. Edita don Allah ku riƙa sa irin wannan bayanin a shafinku na fasaha, da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Kano