Yaron Yaya ya ce Dr. Dre yake son zama

Assalamu alaikum mutumina,

Ya iyali, ya kasuwa, ya mutanen Kumasi? Tun babbar salla ban ji ɗuriyarka ba, ko cinikin goro ne ya sa ka manta da 'yan Fagge? Tambaya gare ni: kaset ɗin nan na Dr. Dre, The Chronic, da ka ara a ɗakina, yana nan kuwa? Kada ka ce ɓera ya ci, da wannan uzurin ka cinye min rigar ƙwallo.

Babban yaron Yaya ne ya tono maganar. Ya gama sakandare, ya kafe shi ba jami'ar da za shi, furodusan kiɗa zai zama. Da aka matsa masa sai ya ce ai Apple ta sayi kamfanin su Dr. Dre, wato Beats mai yin na'urar sauraron kiɗa, dala biliyan 3 a 2014, wane digiri ne ya ba shi? Yaya ta kira ni tana kuka, wai tunda ni na san kaɗe-kaɗen nan in zo in ja masa kunne.

Bayan isha'i na zaunar da shi. Kuɗin ya sani, wahalar bai sani ba. Na ce masa mutumin nan an haife shi a garin Compton na Amurka a 1965, da juya faifai a gidan rawa ya fara, ya yi zamansa a ƙungiyar World Class Wreckin' Cru kafin su haɗu da Eazy-E da Ice Cube a ƙungiyar rap ta N.W.A. Sau biyu yana ficewa daga gidan da kiɗansa ya raya: kamfanin Ruthless a 1991 kan rigimar kuɗi, sai kamfanin Death Row a 1996, inda ya rabu da shugabansa Suge Knight ya kafa nasa kamfanin, Aftermath. Faifan farko da sabon kamfanin ya fitar, cewa aka yi ta Dre ta ƙare.

Ni abin da ke kama ni game da shi kunne ne da haƙuri. Shi ya fito da Snoop a 1992. Shi ya ɗauki Eminem a 1998 ana ta gunagunin me zai yi da farar fata. Ga 50 Cent, ga Kendrick Lamar. Sama da shekara 10 yana gyaran faifansa Detox, daga ƙarshe ya jingine shi don bai gamsu ba, ya fitar da wani faifan mai suna Compton a 2015. Ban ɓoye wa yaron dukan da Dre ya yi wa mai gabatar da shirin talabijin Dee Barnes a 1991 ba, na ce wannan abin kunya ne, ko shi ya fito ya nemi afuwar matan da ya cutar a 2015. Sannan a Janairun 2021 jijiya ta kumbura masa a ƙwaƙwalwa, aka kwantar da shi asibiti. Kai ma ka je a gwada jininka, na san yadda kake narka gishiri a miyar sakwara.

Af, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, kuma har yau yana lissafin bashinka na ƙwai.

To ga inda na shiga uku. Da na gama, yaron ya ciro waya ya sa min wani kiɗa da ya haɗa, ya ɗora kalangu a kan ganga mai nauyi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yana da kunne, mutumina. An aike ni in kashe wuta, na tarar ba zan iya ba. Mun tsaya a kan zai rubuta JAMB, ni kuma duk Asabar in kai shi wani situdiyo a Zoo Road ya koyi aiki. Yaya ba ta sani ba tukuna, kwana uku ke nan ina juya yadda zan tare ta da zancen. Kai take jin maganarka tun muna yara, don Allah ka kira ta kafin Juma'a.

Ka gaida uwargida da su takwara.

Naka har kullum.