Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan mafarkin ƙofofi uku

Ɗana ƙaunatacce,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai zafin bazara da ya kore mu zuwa kwanan tsakar gida. Mamanka da ƙannenka suna gaisuwa.

Maganar da ka yi mini a waya ta tsaya mini a rai. Ka ce ka yi mafarkin ƙofofi uku, ka duba a intanet aka ce uku lambar tashi daga matattu ce, wai aikin da kake nema zai fito cikin wata uku, har kana shirin ajiye na hannunka. Ɗana, dakata tukuna.

Ban musa ba, lambobi suna da nauyi cikin Littafi Mai Tsarki. Allah ya huta a rana ta bakwai. Ruwan tufana kwana 40 ya yi yana zuba, Isra'ilawa shekara 40 suka yi a jeji, Yesu kuma ya yi azumin kwana 40. Kabilu 12 ne, manzanni ma 12. Yunusa kwana uku ya yi cikin kifi, Ubangijinmu ya tashi a rana ta uku. Duk wannan gaskiya ne, tun kana makarantar Lahadi ka san shi.

Amma buɗe Farawa sura 40 ka karanta a hankali. Mutum biyu ne a kurkuku tare da Yusufu, sun yi mafarki a dare ɗaya. Shugaban masu shayarwa ya ga kurangar inabi mai rassa uku, yana matse 'ya'yanta cikin ƙoƙon Fir'auna. Shugaban matuya ya ga kwanduna uku a kansa, tsuntsaye na cin abin da ke cikin na sama. Da ya ji fassarar ɗan'uwansa ta yi daɗi, sai ya yi maza ya faɗi nasa, shi ma ai uku ya gani. A rana ta uku aka mayar da na farkon bakin aikinsa, shi kuwa aka rataye shi. Lamba ɗaya ce fa! Da uku tana da ma'ana guda da ba ta canzawa, da tare za su fita. Shi ya sa tun kafin su faɗi mafarkinsu Yusufu ya tuna musu cewa fassara ta Allah ce.

Haka bakwai, wadda ake ta cewa lambar albarka ce. A sura 41, cikin mafarkin Fir'auna, shanu bakwai masu ƙiba ne suka fito daga Kogin Nilu, amma ramammun da suka cinye su ma bakwai ne, shekarun yunwa ke nan. Duk bokayen Masar sun kasa. Abin da nake so ka lura da shi, fassarar gaskiya ba ta sa kowa ya bar aiki ba. Yusufu cewa ya yi a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, a cika rumbuna kafin fari ya zo.

Ba kowane mafarki ne saƙo ba. Mai Hadishi 5:3 ya ce yawan damuwa yakan kawo mafarki, kai kuwa da tunanin aiki kake kwana, da shi kake tashi. Irmiya 23 ma ya yi kashedi a kan masu cewa sun yi mafarki alhali Allah bai aike su ba. Irinsu sun cika Facebook yanzu. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ya buɗe maka ma'anar lamba, ko ya ce ka kai ta wurin caca, ka guje shi. Raina yana ɓaci in na ga yaranmu suna tsoron lambar mota don akwai 666 a jiki, alhali maganar Wahayin Yahaya 13:18, inda aka ambaci lambar, a kan wata dabba ce mai gāba da Allah da Yahaya ya gani a wahayi.

Idan mafarkin ya ci gaba da damunka, rubuta shi yadda ka gan shi, ba ƙari, ka kai shi ga addu'a, ka kuma zauna da fastonku. Aikin hannunka ka riƙe shi har takardar sabon ta shigo hannunka. Ni da mamanka muna yi maka addu'a kowace safiya.

Ka yi ƙoƙari ka zo gida lokacin Ista mu ƙarasa maganar. In kuɗin mota ya gaza, ka sanar da ni da wuri.

Ni ne,
Babanka