Mun riga ka zuwa Giza

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Na sani, tun Babbar Sallah ban ce maka uffan ba. Ajiye faɗan tukuna, labari ne ya cika mini baki.

Ranar Laraba na kai 'yan aji biyar Masar, muka dawo kafin a kaɗa ƙararrawar tara, ko sisin mota ba mu biya ba. Ka tuna majigin nan da ƙura ta binne a kabad ɗin ofis? Shi na karɓo. Na ɗaura farin zanin gado a jikin allo (uwargida har yau tana cigiyarsa), muka toshe tagogi da kwali, na jona kwamfuta da datar wayata, na buɗe Google Street View, manhajar nan mai nuna wuri kamar kana tsaye a cikinsa. Sai ga mu tsaye a gindin babbar dalar Giza.

Na ce musu tsawonta a da ya kai mita 146, kuma ta yi shekara wajen 4,500. Ko a jikinsu. Sai da na matsa kusa, suka ga mutum tsaye dutse ɗaya ya kusa kai masa ƙirji, ajin ya yi tsit. Yarinyar nan ta kujerar baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Malam, to da me suka ɗaga?" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wani ja'iri kuma ya ce ina buhunan, don shi dalar gyaɗa kakansa ya ba shi labari. Muna dab da Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, aka ɗauke wuta.

Kai kuwa shekara uku kana Azhar, na rantse ba ka taɓa leƙawa ba. Daga ɗaki sai wurin mai koshari, abincin nan na Misirawa.

Ga abin da ke cina. Hedimasta ya ji daɗi fiye da kima, har ya ce tunda ga hanya mai sauƙi, a soke ziyarar bana ta Gidan Makama, gidan tarihinmu na Kano, a huta da hayar bas da takardar izinin iyaye. Na tambayi yaran wa ya taɓa hawa Dutsen Dala, hannu huɗu na ƙirga, alhali daga filin makaranta ana hango shi. Majigi ba zai sa yaro haki a matattakala ba, ba zai kawo masa warin baba na marinar Ƙofar Mata ba. Na faɗa masa haka, ya ce in kawo a rubuce.

Af, mai shayinmu ya ƙara aure, kuma bashinka na nan a littafi.

Mako mai zuwa Tumbuktu za mu, in data ta yarda. Tun 2022 Google ta ɗora shafuka sama da 40,000 na tsofaffin littattafan can, ina so su ga irin rubutun allonsu a ciki.

Ka gaida 'yan ɗakinku. Zanin gadon nan kuma, kada in ji shi a bakin kowa.

Naka,
abokin cin ƙosai