Dawakan da ba kowa ke gani ba

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, karatu kuma na tafiya daidai.

Ummanki ta ba ni labari, wai a hutun nan ta shigo ɗakinki da dare ta tarar kina kuka, littafi a buɗe a cinyarki, ta tambaya kika ce babu komai. Hankalinta ya tashi, har ta ce in karɓe shi. Ban karɓe ba. Bayan kin koma makaranta na ɗauka na karanta, Harry Potter na biyar ɗin, labarin yaron nan da ke karatu a makarantar sihiri, kwana huɗu ina fama da shi saboda kaurinsa.

Na san inda ya taɓa ki, ko da ba ki faɗa ba. Dawakan nan ne masu fukafukai da ke jan kekunan ɗalibai zuwa makaranta, waɗanda babu mai ganinsu sai wanda aka taɓa mutuwa a gabansa. Shekara da shekaru yaron yana tsammanin kekunan da kansu suke tafiya, sai da abokin karatunsa ya mutu a kan idonsa sannan ya gan su, abokansa kuwa suna kallonsa kamar wanda ya zautu. Ke ce a gefen gadon Hajiya ranar da Allah ya karɓi abinsa, kina riƙe da kofin ruwa. Kin koma cikin ƙawayenki suna hirar da suka saba, ke kuma kina ganin abin da ba su gani. Ni ma da na iso wurin sai da na ajiye littafin na fita tsakar gida.

Ba a banza labarin ya yi wannan nauyin ba. Marubuciyar, J.K. Rowling, ta fara tsara shi a 1990, a ƙarshen shekarar mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 45, ba ta ma kai ga gaya mata tana rubutun ba. Ta kuma bayyana cewa dodannin nan masu tsotse farin cikin mutum, daga ciwon damuwar da ta yi fama da shi ta samo su. Littafi na farko ya fito a 1997, na bakwai a 2007, yaran da suka fara da shi suna girma labarin yana ƙara duhu.

Kawunki zai ce littafin tsafi ne, na san halinsa. Hukuncin sihiri kin san shi tun daga Islamiyya, ba sai na maimaita ba. Sanda da tsintsiya mai tashi kuwa, a wurina ba su wuce Dodon tatsuniyar da Hajiya ke ba ku ba, mai haɗiye yarinya da ɗanyen ganye. Ki lura ma, duk ƙarfin sandunan nasu babu wadda ta tayar da matacce.

Kukan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne "babu komai" ɗin da kika ce wa Ummanki. Sauran littattafai biyun sun fi wannan yawan mace-mace, don haka kada ki karanta su ke kaɗai cikin dare bayan an kashe fitila. Idan wani wuri ya tsaya miki a rai, ki rufe, ki yi wa Hajiya addu'a, ki kira ni ko ki rubuto. Idan kuwa kika ga nauyin ya ɗauki kwanaki, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace, to wannan ba na littafi ba ne, ki gaya mana da wuri.

Ranar ziyara zan taho miki da na shida, da kilishin da kika ce. Ni ma na fara shi, ina babi na tara, kada ki wuce ni ki ba ni labarin ƙarshe.

Ummanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mai sunanki.

Naki,
Abba