Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya kai ni Zanzibar da sunan aikin sa-kai

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta fito fili ba, amma amsar da ma'aikacinku ya ba ni ranar Litinin 23 ga Yuni 2025 ce ta tilasta mini. Sai a kira na 5 ya ɗauki waya, da ƙarfe 4 da minti 20 na yamma, ya ce mutumin Maraɗi da bai taɓa ganin teku ba, ai ganin kaɗai ya ishe shi riba, sannan ya katse ni ina cikin magana.

Ni malamin makaranta ne mai koyar da kimiyyar halittu, kuma shekara 3 na yi ina tara kuɗin da na ba ku. Ranar 15 ga Janairu na zuba miliyan 1 da jika 200 na sefa, na cika sauran jika 650 cikin Fabrairu, takardun shaidar biya suna hannuna. Kun rubuta cewa za mu yi kwana 12 a Unguja, babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya: kwana 8 muna aiki tare da masu dashen itatuwan bakin teku da suke kira mikoko da kuma matan ƙauyen Jambiani masu noman ciyawar teku, sai fita 3 cikin jahazi, jirgin katakon nan mai tafiya da iska.

Ko fita ɗaya ba mu yi ba. Kun kai mu a Afrilu, tsakiyar daminarsu mai suna masika, wadda take ɗaukar Maris zuwa Mayu. Masassaƙan jirage a ƙauyen Nungwi ne suka fahimtar da ni cewa jahazi da iska biyu yake aiki, kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas tun Disamba har Maris, da kusi mai zuwa daga kudu bayanta, kuma a tsakaninsu muka faɗo, lokacin ruwan sama da juyawar iska. Kamfanin da yake sayar da wannan tafiya ya san haka, kamar yadda kowa a nan ya san ba a gayyatar baƙo kallon girbin gero a watan Mayu. Haka nan kun ce komai yana cikin kuɗin, sai ga shi an karɓi dalar Amurka 44 a hannuna ta inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ranar Asabar 12 ga Afrilu a ƙauyen Kizimkazi. A madadin jahazi kuka sa mu cikin ƙaramin jirgi mai inji, mu 14, rigunan kariya daga nutsewa guda 6 kacal, biyu ma igiyarsu ta tsinke. Na gaya wa jagoranku ban iya iyo ba, ya ce in riƙe gefen jirgi da kyau. Ruwan da na sani shi ne Gulbin Maraɗi da tabkin Madarunfa, amma ko a can mai kwalekwale yana ƙidaya mutane kafin ya tura. Daga nan aka shiga korar dolfin da inji, dabbar teku mai kama da babban kifi da nake koya wa ɗalibaina cewa tana shayar da ɗanta, kuma dole ta fito sama ta shaƙi iska. Na biya kuɗi don in taimaka wa teku, kuka mayar da ni cikin masu cutar da abin da ke cikinsa.

Aikin sa-kan kuwa kwana 2 muka yi, galibinsa ɗaukar hoto. Wata dattijuwa a Jambiani ta shaida mini ta bakin tafinta cewa ba su taɓa ganin ko sisi daga gare ku ba, alhali takardarku ta ce wani kaso na kuɗinmu nasu ne.

Tun da na dawo nake rubuto muku, ban san adadin saƙonnin ba. Ina neman ku mayar mini da jika 900 da dalar Amurka 44 cikin kwana 14, tare da takardar ban haƙuri. Ina kuma neman ku bayyana a rubuce nawa ne ya isa hannun waɗannan mata, domin na fara zargin talaucinsu kuke sayarwa, kuna amfani da kyakkyawar niyyar matasan Maraɗi da Damagaram da Tawa kuna cika aljihu. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan kai takarduna gaban kotu, kuma mutum 3 daga cikin abokan tafiyata sun amince su ba da shaida.

Wassalam,
Malamin makaranta daga unguwar Zariya, Maraɗi