Wa ya kai harsashin gaske wurin ɗaukar fim?

Edita,

Assalamu alaikum. Ranar da mahaifina ya fara damƙa mini bindigar farauta, ya hana ni nuna ta ga mutum ko da na rantse babu komai a ciki. Shi ya sa mutuwar Halyna Hutchins ke ci mini rai. Tana bakin aikinta na ɗaukar hoton fim a New Mexico, Amurka, a Oktoban 2021, bindigar hannun jarumin fim ɗin, Alec Baldwin, ta tashi da harsashin gaske, ta kashe ta.

A 2024 aka ɗaure matashiyar da ke kula da makaman wata 18, shari'ar Baldwin kuwa kotu ta kore ta. To, furodusoshin da suka ɗora wa yarinyar nan aiki biyu, kula da makamai da kuma taimakawa wajen kayan wasan fim fa, wa ya ɗaure su?

Daga mai karatunku.