Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da Ya Sayar Mini da Mota a Sakkwato

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin sayar da motoci da ke kan titin Maiduguri a birnin Sakkwato, da manajansa, da babban makanikensa, da sauran ma'aikata baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in yi muku godiya a bainar jama'a, yanzu da motar da na saya a hannunku ta cika shekara guda a wurina, ta ga bazara da damina da hunturu. Alhaji, na san ba ka son a ambaci sunanka ko na kamfaninka a irin wannan wuri, kuma na mutunta wannan buƙata taka, amma ban ga dalilin da zai sa in ɓoye abin da kuka yi mini ba, musamman da yake mutanenmu sun saba ɗaga murya idan an cuce su a cinikin mota, su kuma yi gum idan an riƙe musu amana.

Ranar da na fara shigowa wurinku na riga na ƙudura abin da nake so, wato wata farar Toyota Highlander mai kujerun fata da manyan ƙafafu masu inci 19, wadda na kwashe makonni ina hange duk lokacin da na wuce ta titin. Buƙatata kuwa a fili take. Mahaifiyata tana zaune a ƙauyenmu da ke can bayan Gwadabawa, inda sai an sauka daga kwaltar Illela an bi hanyar burji mai nisa, kuma duk wata sai na ɗauko ta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo domin ganin likita. Ƙaramar motar da nake da ita a da takan zauna a kan cikinta da zarar ruwa ya zaizaye hanyar, ga iyali sun ƙaru har ba ta ɗaukarmu a tashi ɗaya. Kafin ka yi mini maganar kuɗi sai da ka zaunar da ni, aka kawo ruwa, ka tambaye ni hanyoyin da nake bi, da yawan mutanen da nake ɗauka, da abin da zan iya kashewa a kan mai a kowane wata. Da ka gama saurare, sai ka dubi farar motar ka ce mini da harshenmu na gida, “Malam, wagga mota ba taka ba ta.”

A gaskiya raina bai so wannan magana ba a lokacin, domin na zaci kana ganin ba ni da ƙarfin sayenta ne. Sai manajanka ya buɗe kwamfuta, ya shigar da lambar shasinta, wato lambar shaida da masana'anta ta buga a jikin motar, ya nuna mini hotunanta tun tana filin gwanjo a Amurka, gabanta a rugurguje, balan-balan ɗin kariya na sitiyari a fashe. Kuka bayyana mini cewa an yi mata gyara mai kyau, kuma kuna sayar da ita a farashin motar da ta taɓa haɗari, ga wanda zai riƙa zagaya gari da ita kuma ya san tarihinta, amma wanda zai ɗauki tsohuwa da yara a kan hanyar burji ya fi dacewa da motar da ƙashin bayanta bai taɓa motsawa ba. Da kun yi shiru da na biya ba tare da na san komai ba, domin fentin ya zauna sumul, kuma ribarku a kanta ta fi ta wadda kuka nuna mini daga baya.

Wadda kuka zaɓa mini ita ma Highlander ce, ƙirar 2015, ruwan toka, mai kujerun yadi da wurin zaman mutum 8. A kanta ne na fara koyon karanta lambar shasi, abin da ban taɓa kulawa da shi ba duk da shekarun da na yi ina tuƙi. Manaja ya nuna mini cewa haruffa da lambobi 17 ne, cewa farkonta 5TD yana nufin an haɗa ta a masana'antar Toyota da ke jihar Indiyana a Amurka, cewa harafi na goma, wato F, shi ne shaidar shekarar 2015. Ya sa na gwada da idona lambar da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofar direba da wadda ke kan takardun kwastan, duka suka zo daidai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ke kusa da iyaka kamar namu, inda Illela da Ƙonni suke kallon juna, kuma a ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. Wani ɗan'uwana ya taɓa sayen mota mai araha a hannun wani dillali, ashe takardun fiton na wata motar ne daban, ya rasa motar ya rasa kuɗin, dillalin kuma har yau ba a san inda ya shiga ba. Ku kuwa kun ba ni takardun da suka nuna ta tashar jiragen ruwa ta Legas motar ta shigo, kuka ce in kai su ofishin kwastan da kaina a tantance kafin in ba da ko kafin alƙalami, kuka kuma riƙe mini motar kwana uku ba tare da kun karɓi sisi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar da babban makanikenku ya miƙo mini, wadda ya jera aibobin motar da hannunsa. An sake fentin ƙofar baya ta hagu saboda ƙarzuwa, shokozoba ɗaya ta baya tana tsatsafar da mai, batir ya kusa gajiya, tayoyin kuma sun tsufa duk da cewa zanensu bai cinye ba. Ya durƙusa ya nuna mini lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara, ya ce a zafin Sakkwato, inda daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, tsohuwar taya ba abin dogaro ba ce ko da kuwa ta yi kyau a ido. Daga nan kuka rage kuɗin waɗannan gyare-gyare daga farashin tun ban roƙa ba. Malamanmu sun karantar da mu hadisin da ke cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana aibi za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuma suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar. Na sha jin wannan a zauren karatu, amma a filin motocinku na ga an yi aiki da shi.

Ba ku kuma zuzuta motar fiye da matsayinta ba. Kun gaya mini cewa ko da yake mutane suna kiran duk wata doguwar mota jif, Highlander a kan tsarin ƙananan motoci aka gina ta, ba kamar Prado ko Hilux ba masu shasin ƙarfe daban da giyar ƙarfi ta hawan tudu da keta yashi. Tsayin cikinta daga ƙasa wajen santimita 20 ne, wanda ya ishe ni hanyar ƙauyenmu, amma kuka gargaɗe ni da kada in shiga fadama da ita, kada kuma in keta ruwan da ban san zurfinsa ba. Makanike ya nuna mini cewa a yawancin lokaci da ƙafafun gaba take ja, sai idan sun fara sulɓi ta tura ƙarfi zuwa baya, ya kuma nuna mini maɓallin da ke sa ƙafafu huɗun su ja tare idan ana tafiya a hankali cikin laka ko rairayi. A watan Agusta na gwada wannan maɓalli a wani kwazazzabo da ruwa ya cika da taɓo, mahaifiyata tana zaune a baya tana jan carbi, muka fita lafiya.

Maganar mai ma ba ku rufe ni ba. Injinta mai silinda 6 ne, girmansa lita 3.5, tankinta yana ɗaukar lita 72 da ɗoriya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 cika irin wannan tanki ya zama abin da magidanci zai zauna ya yi wa lissafi. Kun ce in sa ran kilomita 7 zuwa 8 a kowace lita a cikin gari, wajen 10 kuma a kan doguwar hanya idan ban matsa mata ba, kuka ba ni shawarar in bar babur ɗina domin zirga-zirgar kasuwa da ofis. Abin da na gani a shekarar nan bai yi nisa da abin da kuka faɗa ba.

Da muka zo kan kayan da za a ƙara mata, nan ma kun hana ni ɓarnar kuɗi. Na so a sa mata manyan ƙafafu irin na farar motar, da ƙarfen kariya a gaba, da ƙarin fitilu. Makanike ya ce in bar ta da ƙafafunta masu inci 18, domin tayarsu ta fi kauri a gefe, ta fi jure ramuka, ta kuma fi sauƙin samu. Kuka sa mata sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya, kuka bayyana mini cewa motar da ke ja da ƙafa huɗu ba ta son a haɗa mata tsohuwa da sabuwa. Safayar da ta zo da ita siririya ce, tana rataye a ƙarƙashin bayan motar, sai kuka sa yaronku ya koya mini yadda ake sauke ta daga cikin but, kuka kuma samo mini cikakkiyar taya ta biyar domin tafiya mai nisa. Aka saka abin kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da jak da sifanar taya, da akwatin taimakon gaggawa, wato kayan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kan tambaya a hanya. Aka shimfiɗa tabarmin roba saboda ƙurar hunturu da lakar damina. Game da baƙin gilashi kuwa, wanda na so saboda rana, kun ce kada a manna komai sai na samo izinin 'yan sanda tukuna.

Akwai nasiha biyu na makanikenku da nake so duk mai irin wannan mota a Sakkwato ya ji. Ta farko, kada in yarda wani ya cire mini abin daidaita zafin inji da sunan wai ƙasarmu tana da zafi, kada kuma a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto, domin yana haifar da tsatsa ya toshe hanyoyin ruwa. Ruwan sanyaya inji na asali, mai launin hoda, shi ake zubawa. Ta biyu, in riƙa duba matatar iskar inji da ta na'urar sanyaya mota (esi), wadda ke bayan akwatin gaban fasinja, sau da yawa a lokacin hunturu, in kuma sa mai faci ya bi awon iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba maimakon ya ɗura yadda ya saba.

Rajista da lamba da inshora ku kuka tsaya a kansu. Manaja ya faɗa mini cewa inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ta koma naira 15,000 tun farkon 2023, ya nuna mini yadda zan tabbatar da ingancinta ta waya. Bayan an kammala komai ya kira ni ya miƙo mini rasitai tare da ragowar kuɗina a cikin ambulan, kuɗin da ni kaina ban san sun rage ba.

Na ƙarshe da zan ambata ya faru ne wata huɗu bayan ciniki, lokacin da ba ku da sauran wani alhaki a kaina. Muna dawowa daga ɗaurin aure a Jega, mun sha mai a Tambuwal, ba mu kai Shagari ba sai fitilar gargaɗin inji ta kama, ga magariba ta yi, ga yara a mota. Na kira makanikenku hankalina a tashe. Ya tambaye ni ko fitilar tana ƙiftawa ne ko a tsaye take, ko allurar zafi ta motsa, ko ƙarar injin ta sauya, sannan ya tambaye ni yaushe na sha mai. Da na faɗa masa, sai ya ce in tsaya a wuri mai jama'a in murɗa murfin tanki har sai na ji ya yi ƙara, in taho a hankali, fitilar za ta mutu da kanta bayan 'yan tafiye-tafiye. Haka kuwa aka yi. Da na kawo motar washegari ya jona mata na'urar bincike ya tabbatar da cewa murfin ne, ya ƙi karɓar ko kuɗin shan ruwa, alhali da ya ce mini wani abu ne babba ya lalace da na yarda na biya.

Roƙona guda ɗaya ne, Alhaji. Takardar aibobin nan da aka ba ni, da bayanin lambar shasi da na taya, ku mayar da su rubutacciyar ƙa'ida cikin Hausa, da boko da ajami, a riƙa bai wa kowane mai saye, domin da yawa daga cikin masu zuwa wurinku manoman albasa ne da 'yan kasuwar dabbobi waɗanda ba za su san abin da za su tambaya ba. Ina kuma fatan yaran da ke koyon aiki a garejinku za su ɗauki halin maigidansu tare da sana'arsa.

Mahaifiyata ta ce in isar muku da gaisuwarta, tana sa muku albarka duk lokacin da muka iso asibiti ba tare da ciwon bayanta ya tashi ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kasuwa albarka, ya kare ku da iyalanku. In Allah ya yarda zan kawo motar juyen baƙin mai a farkon wata mai kamawa, kuma zan taho da ƙanena, wanda yake neman matsakaiciyar jif irin tawa domin hanyar Goronyo.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Abokin cinikinku daga unguwar Mabera, Sakkwato.